Akuyar da Na Kai Ofishin Fansho

Goggo Mairo, don Allah ki taimake ni. Na yi abin da na ɗauka godiya ce, ga shi yana neman raba 'yar mutane da aikinta.

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamare. Da na yi ritaya na je neman fansho, aka ce sai na kawo takardar ɗaukata aiki ta farko. Ita kuwa gara ta cinye ta tun muna zaune a Namtari, har da hoton aurena. Wata bakwai ina zirga-zirga, ban ma san tambayar da zan yi ba. Har na fara jin kunyar ƙanena da ke ciyar da ni.

Sai Allah ya haɗa ni da wata ma'aikaciya, Hansai. Addininmu ba ɗaya ba, yarenmu ba ɗaya ba, ba ta taɓa ganina ba. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla, ta rubuta mini abin da zan kawo. Da kanta ta shiga ɗakin tsofaffin fayil, kwana uku tana fitowa da ƙura har gira, sai da ta samo kwafin takardar. Ranar da fanshona ya fara shigowa, kuka na yi a bakin banki. Ban taɓa jin daɗin mutum kamar yarinyar nan ba.

To, a garinmu ba a gode wa wanda ya cece ka a ɓoye, ba kuma da baki kawai ba. Abu mai rai ake kai masa a gaban jama'a don kowa ya shaida. Sai na ɗauko akuya a Keke Napep, na ɗaure ta a ƙofar ofis, na ƙwala wa Hansai kira. Ta ƙi karɓa, ta roƙe ni in koma da ita. Amma shugabansu ya gani, masu layi ma sun gani. Yanzu an ce ta rubuta bayani, ana zargin tana karɓar na goro. Akuya tana gida tana cin ganyen maƙwabta, ni kuwa abinci ya ƙi shiga. In koma ne, ko komawata ƙarin ɓarna ce?

Tsohuwar malama, Gwadabawa, Jimeta

Malama, kwantar da hankalinki. Niyyarki mai kyau ce, al'adarku ma ba ta da aibi. Sai dai shugaban nan shi ma bai yi laifi ba. Wanda ya gaji da layi, ya ga akuya a ƙofa, abin da zai ɗauka shi ne sai da akuya fayil ke motsi.

Ki koma, amma kada ki riƙe komai sai takarda. Ke malama ce, rubutu ba zai gagare ki ba. Ki rubuta wa shugaban yadda aka yi: ranar da aka gama aikinki, ranar da kika kai akuya, da cewa Hansai ba ta nema ba, ba ta kuma karɓa ba. Ki sa cikakken sunanki, ki nemi wanda ya ga ta ƙi karɓa, shi ma ya sa hannu. Kada ki bi ta teburinta ranar, ko don gaisuwa. Gobe za ki yi wannan, tun kafin a yanke mata hukunci.

Akuya kuwa riƙe abarki, ki dai ɗaure ta saboda maƙwabta. Takardarki za ta shiga fayil ɗin Hansai, ta zauna a ciki har ranar da ita ma za ta zo neman nata fanshon. Allah ya wanke ta, ke kuma ya ba ki lafiyar cin naki.

Goggo Mairo