An Fara Sassaƙa Ka, Yaya

Pingyang, biyu ga wata na takwas

Zuwa ga Yayana Geng Shouyi, a Dutsen Qingya.

Gaisuwa mai yawa daga ƙanwarka Suniang, da fatan kana lafiya kai da dakarunka. Bayan haka, yau da safe an liƙa takardar afuwa a ƙofar gari, da jan hatimin Gwamna. An yafe wa duk wanda ya yi tawaye tare da ubangidanka marigayi Sarki Wei, muddin kai da kanka ka sauko walimar bikin cikar wata, ran sha biyar.

Yaya, shekara biyu ke nan da kashe mutumin nan, kana can bisa dutse riƙe da tutarsa kamar zai dawo ya tambaye ka ita. Taurin kanka na san shi tun muna yara, amma don girman iyayenmu ka sauko. Na gaji da sunkuyar da kai a kasuwa.

Mu ma abin arziki ya leƙo mu. Maigidana Luo ya samu aiki daga gidan Gwamna. Gunki zai sassaƙa da itacen kafur, tsayin mutum, na sabon ɗakin bautar da ake ginawa a Ƙofar Gabas. Ba a faɗa masa na wane ne ba, an dai ce ya fara da jiki, kai daga baya. Gidan duk ya cika da ƙamshi. Ka huta lafiya.

*

Dutsen Qingya, shida ga wata

Zuwa ga ƙanwata Suniang.

Ina amsa gaisuwarki, ina gaida surukina Luo. Manzon Gwamna ya riga wasiƙarki isowa. Na gindaya masa sharaɗi biyu: a ba mutanena dubu uku gonaki a bakin kogi, a kuma ba ni ƙasusuwan ubangidana in binne su kusa da kakanninsa. Ya amince da duka biyun tun kafin in rufe baki, kuma wannan saurin bai yi mini daɗi ba.

Gero ya ƙare mana, mun fara yanka dawaki. Zan sauko ran sha biyar. Ki zauna lafiya.

*

Pingyang, tara ga wata

Yaya, gaisuwa a gurguje. Kada ka sauko.

Jiya magatakardan Gwamna ya zo duba aiki. Ina kawo masa shayi sai ya ƙura mini ido, ya ce wa Luo, "Masassaƙi, ga abin kwaikwayo a gidanka kana neman zane? Ai an ce ita da wanta kamar an tsaga kara. Ka ƙara gemu kawai."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wana kuma? Ai yana da rai."

Ya yi dariya ya ce, "Uwar gida, aikin hukuma ba ya son makara."

Da ya tafi na saka takalmi na nufi Ƙofar Gabas. An riga an rataye allo bisa ƙofa, an rubuta da ruwan zinariya: Barde Mai Amana. Na tambayi magini yaushe za a buɗe, ya ce ran sha shida da hantsi, har an sayi turare an gayyato makaɗa. Yaya, a ƙasar nan wa aka taɓa ƙona wa turare yana numfashi?

Luo ya kasa cin abinci. Yana zaune gaban abin nan marar kai, yana cewa, "Me zan yi, Suniang? In na ƙi, kaina za a ɗora a wurin." Ni dai tsoro nake ji, kuma ni ce da bakina na ce ka sauko. Na janye. Ka koma bayan dutse, ka tsallaka iyaka, ka yi duk abin da za ka yi. In ba haka ba wuta zan cinna wa itacen nan. Ka ji ni.

*

Dutsen Qingya, sha biyu ga wata

Ƙanwata.

Gaisuwa da godiya. Abin da kika gani na daɗe da zarginsa. Gwamna yana son ya nuna wa nasa sojojin yadda bara yake riƙe amanar ubangidansa, amma ba ya iya barin mai irin wannan amanar yana yawo da takobi. A ɗakin bauta ba zan dame shi ba.

In ban zo ba afuwa ta tashi, kuma ƙanƙara na nan tafe ta same mu ba hatsi. Na aika masa cewa sai takardun gonaki sun shiga hannun mutanena, an kuma rufe kabarin ubangidana, sannan zan ɗaga kofi. Ya yarda.

Kada ki taɓa itacen nan, ran mijinki ne. Ki ce masa ya yi aikinsa da kyau, ba na riƙe da shi. Ran sha biyar kada ki fito kallo. Ki yafe mini kunyar kasuwa.

Yayanki.

*

Pingyang, sha bakwai ga wata

Yaya, ina gaisuwa.

Wannan ba ɗan aike zai kawo ta ba, a kaskon turarenka zan ƙona ta. An ce wai ciwon ciki ne ya kashe ka bayan walima. Mutanenka sun samu gonakinsu.

Jiya Gwamna ne ya fara durƙusawa gaban gunkinka, har da hawaye. Yau layi ya kai bakin titi. Mata na roƙon ka haihuwa, manoma na roƙon ruwa, wata tsohuwa ma akuyarta ce ta ɓata. Kowa na cewa Barde Mai Amana ba ya mayar da roƙon kowa.

Ni ban durƙusa ba. Na taɓa roƙon ka kada ka sauko, kana da kunnuwa a lokacin, ka ƙi.

Ƙanwarka, Suniang.