Farantan Sola da Hannun Umma

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya sa aikin da ya kai ku nesa ya zame muku alheri. Mu nan sai godiya. Ƙafar Gwaggo ta yi sauƙi har ta koma yawon zumuncinta, matata kuma ta kama aikin koyarwar da na taɓa gaya miki, tun da sassafe take fita sai la'asar.

Yaya, na zaɓi takarda ne don in a waya ne bakina ba zai iya ba. Ranar Talata Umma ta faɗi a tsakar gida, ƙashin wuyan hannunta na dama ya tsage. An kai ta asibiti an naɗe hannun, likita ya ce nan da sati shida zai haɗe in Allah Ya yarda. Tana ci tana sha, har faɗa take yi mini. Amma laifina ne. Kuma ban manta abin da kika ce ranar tafiyarki ba, cewa duk ranar da na kasa kula da ita za ki aiko a ɗauke ta ta koma wurinki, ko tana so ko ba ta so. Shi ya sa nake son ki ji yadda aka yi daga wurina.

Kin san yadda ɗaukewar wuta ta addabe mu, ga allurar ciwon sugarta ba ta zama sai cikin firij. Da kika ce in nemo sola da za ta riƙe firij da fanka, na tafi shagon mai sola ina ji da kaina, har da hoton takardar da ke manne a bayan firij don ya ga ƙarfin wutar da yake ja. Ya nuna mini iri biyu. Akwai farantan da ake kafawa a kan rufi, akwai kuma masu naɗewa kamar akwatin tafiya, da mariƙi da ƙafafun jinginawa. Ina ganin na biyun idona ya rufe. Na kawo hujjoji, na ce kwanon rufinmu ya tsufa, in an huda zai yi yoyo, na ce bishiyar maƙwabta ta rufe rabinsa, na ce ɓarayi. Duk gaskiya ne, amma babbar gaskiyar ita ce ba na son jiran sati guda kafin masu kafawa su zo. So nake in shigo gida da kaya a hannu ranar, in kunna fanka Umma ta sa mini albarka.

Bawan Allahn nan ya ce guda uku za su ishe mu da batir ɗaya. Sai ya yi mini tambaya ɗaya tak. Ya ce irin waɗannan a gida mai katanga bin rana ake yi da su, a fitar da safe, a matsar da rana tsaka, a shigar da yamma, kuma kowanne nauyinsa ya kai na bokiti cike da ruwa. Ya ce wa zai riƙa yi? Na yi dariya na ce gidanmu cike yake da mutane. Yaya, waɗanne mutane? Ni ina wurin buga takardu, matata tana makaranta. Umma ce kaɗai a gidan nan daga safe har yamma.

Satin farko na yi abin kirki. In jera su a bakin kicin da safe, in dawo a kan babur da azahar in matsar da su kusa da tankin ruwa inda rana ke komawa. Da aiki ya yi yawa sai na fara tsallake rana ɗaya, daga nan na daina zuwa gaba ɗaya. Amma kullum in na dawo batir a cike yake fal. Har cika baki nake a wurin aiki, wai na iya zaɓen kaya. Na ga sawun jan farantan a kan siminti. Na ga Umma tana dafe ƙugu in za ta tashi daga kan darduma. Na sani, Yaya, wallahi na sani, na yi shiru don shirun ya fi mini sauƙi. Wannan ce maganar da ta fi yi mini nauyi a duk takardar nan.

Ranar Talatar hadari ya taso da rana tsaka. Ta fito tana sauri ta shigar da su kafin iska ta kifar, ta kai biyu ɗaki, a na uku wayar farantin ta harɗe mata ƙafa. Maƙwabciyarmu mai ɗinki ce ta ji ƙarar ta shigo. Da na isa asibiti, abin da Umma ta fara tambayata shi ne ko gilashin farantin ya fashe. Bai fashe ba.

Na koma wurin mai sola na gaya masa. Bai ce ai ya faɗa mini ba, da ya ce ma da na fi jin daɗi. Ranar Asabar zai zo da mai walda su kafa ƙarfe a saman katanga, inda inuwa ba ta kaiwa, su ɗaure farantan a can ba mai sake taɓa su. Na kai wa Umma labarin ina zaton za ta yi murna. Sai ta ce to ita kuma me za ta riƙa yi da hantsi. Ta ce tun rasuwar Baba mun ƙwace mata komai, shara ma ba mu barinta ta yi, farantan nan su kaɗai ne a gidan suke jiran ta. Ta lissafa mini inda rana ke faɗuwa a tsakar gidan daga hantsi zuwa la'asar, taki bayan taki. Na fita ƙofar gida na yi kuka kamar ba magidanci ba.

Hukunci yana hannunki. In kin ce a ɗauke ta, ba ni da bakin musu. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ba ta san na rubuto miki ba, ta sa na yi mata alkawarin ba zan faɗa ba, ga shi shi ma na karya. Ta shirya labarin da za ta ba ki, wai santsin sabulu ne ya kwashe ta a banɗaki, har sau biyu ta gwada faɗarsa a gaban matata don kada ta yi tuntuɓen harshe. Tana yi ne don kada ki ga laifina, kuma kada a raba ta da ɗakin mijinta. In kin kira ta, ki bar ta ta faɗa har ƙarshe, ki yi mata sannu. Bayan nan ki kira ni, zan ɗauka.

Ki gaishe mini da maigida da kyau, da ɗanki Dogo, da takwarar Umma, ki ce kakarta na tambayar ko haƙoran sun fito. Gwaggo da matata suna gaishe ki. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙaninki da ya yi laifi,
Auta