Hoton Likita Ya Zauna a Kan Maɓalli

Innata,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya ƙafar taki? Allah ya sa kin daina hawa kujera kina sauko da tukwane da kanki. Ya jikin Baba, ya idon? Ki gaida Yaya da matarsa da yara.

Takarda na rubuto don in na kira ki a waya Baba na gefenki yana kasa kunne, ni kuwa raina a ɓace yake, ban san abin da zai fito daga bakina ba. Jiya asibitin ido suka rufe rajistar waɗanda baƙin likitoci za su yi wa aiki a wannan zuwan. Na duba, na sake dubawa, babu sunan Baba.

Kin dai tuna yadda aka yi. Ofishinmu aka ba aikin gina shafin intanet ɗin da ake rajistar, kuma rabinsa ni na yi. Na ce a bari in shigar da sunan Baba, ya ce atafau, shafin da autarsa ta gina da hannunsa zai shiga, a wayarsa, a gaban abokansa na ƙofar gida. Washegari na tambaye shi, ya ce an gama, har da sa mini albarka. Sai jiya da Yaya ya matsa masa ya faɗi gaskiya. Ya cike komai, ya nemi inda zai danna ya aika, ya rasa. Ya ɗauka idonsa ne, kuma wai bai so ya ce aikin 'yarsa bai yi ba.

Haba Inna! Rufa mini asiri ne zai cire masa yanar ido? Mutumin da sai ya shafa bango yake gane ƙofar ɗakinsa! Likitocin nan in sun tafi sai baɗi, kuma a gabanki aka ce idon dama ba zai jira ba.

Ki karɓi wayarsa ki aiko mini ta hannun Yaya, kada kowa ya taɓa komai a ciki. In ya yi gardama ki ce masa gyara za a yi mata.

Ki sa ni a addu'a.
Autarki.

Innata,

Gaisuwa mai yawa. Waya ta iso, da man shafawar da kika haɗo, na gode. Ya kwanan Baba?

Inna, ba idonsa ba ne. Mu ne.

Bari in miki bayani. Abin da ake buɗe shafin intanet da shi a waya ko a kwamfuta shi muke kira burauza, kuma iri-iri ce, kowace da halinta. Shafi ɗaya sai wannan ta nuna shi tsaf, waccan ta jirkita shi, kamar yadda riga ke zama wa wata ta ƙi wata. Mu a ofis duk burauza ɗaya muke aiki da ita, a manyan kwamfutoci, a ɗaki mai sanyi, kowa da idonsa garau. Wayar Baba kuwa 'yar ƙaramar burauzar nan ce a ciki, wadda ba ta shan data, kuma ya ƙara girman rubutu har ƙarshe don ya iya gani. Ina buɗe shafin a wayarsa na ga matsalar. A waccan burauzar, da zarar rubutu ya girma, sai hoton likitan da muka liƙa a sama don ƙawa ya zamo ƙasa ya zauna daram a kan maɓallin aikawa. Ga shi nan yana ta murmushi, ka danna har yatsanka ya gaji, babu abin da zai motsa.

Shafin masu ciwon ido fa! Amma a cikinmu babu wanda ya taɓa ƙara girman rubutu ya ga abin da zai faru. Da na shiga bayanan shafin na ga mutane da yawa sun cike komai sun tsaya cak a daidai wurin. Wato waɗanda idonsu ya fi tsanani su muka rufe wa ƙofa, masu ɗan sauran gani suka cinye gurbin.

Na kai wa Gwani, abokin aikina da ya ɗora hoton. Ya juyo mini da kwamfutarsa, wai ga shi a wajensa yana aiki lafiya lau. Na ce to ya ɗauki kwamfutar ya bi tsofaffin gari gida-gida da ita. Gyaran bai kai dafa shayi ba, har na gwada a wayar Baba da ta mai gadinmu da duk wata tsohuwar waya da na samu aro. To amma gyaran me, rajista a rufe? Asibiti kaɗai ke iya buɗewa, su kuma ba su san an yi ɓarna ba.

Oga, shugaban ofishinmu, ya kira ni ɗakinsa ya rufe ƙofa. Ya ce in an gyara magana ta ƙare, in asibiti suka ji ba za su sake ba mu aiki ba. Har da cewa mutane su ma su riƙa sayen wayoyin zamani. Da ya ga idona ya canza sai ya sassauta murya, wai ya san wani a ciki, za a cusa sunan Baba ta bayan gida, in ja bakina in yi shiru. Wallahi Inna na so in karɓa. Amma ban amsa masa ba. Sauran fa, don 'ya'yansu ba sa aiki a ofishinmu?

Kada ki faɗa wa Baba komai tukuna.

Taki,
Auta.

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi, ina fata an tashi lafiya. Inna za ta karanta maka, kuma na roƙe ta kada ta tsallake ko kalma ɗaya.

Abin da Yaya ya faɗa maka gaskiya ne. Na je asibiti da wayarka, na ɗora ta a teburin shugabar ma'aikatan jinya, na buɗe mata shafin yadda yake kafin a gyara shi, na ce ta nemo mini maɓallin aikawa. Ta nema har ta cire tabarau ta goge. Ba ta bar kujerar ba sai da likitocin suka yarda za su ƙara kwanaki, kuma ana kiran duk wanda ya maƙale ɗaya bayan ɗaya. Gaskiya ne kuma Oga ya sallame ni. Kofina da abin cajina kawai na ɗauko.

Yanzu kuma aka ce ka rantse ba za ka je ba, wai ba ka son idon da aka saya da aikin 'yarka. Baba, ka yi haƙuri, ban taɓa ɗaga maka murya ba, amma wannan magana ta fi ta Oga ƙona mini rai. Tausayina da ka ji na farko shi ya kai mu nan, yanzu za ka ƙara mini wani? In ka zauna a gida Oga ba zai kira ni ya ce in dawo ba. Aikin dai ya tafi. In idon ma ya tafi, ka faɗa mini me na je yi a asibitin?

Ranar Talata da safe zan zo da mota, kuma an ce kada ka ci komai kafin mu tafi. In ka ƙi fitowa zan zauna a ƙofar gida tsakiyar abokanka har ka fito, ka kuma san halina.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.
'Yarka,
Auta.