Bayan Shekara Ɗaya

Daren Laraba, Maraɗi

Alhamdu lillahi, Rabi, matar ɗana, ta sauka lafiya a Tsibiri, namiji. Ni na yi masa huɗuba. Kamarsa ɗaya da ubansa, Sanina, wanda tun da ya wuce Agadas zuwa Libiya wayarsa ba ta ƙara shiga ba.

Da na dawo, na zaunar da Hadiza, yayar jaririn, gaban tele. Ni ke karanta mata rubutun da ke fitowa a fim, amfanin makarantar dare ke nan. Wani ya yi tafiya, aka rubuta "Bayan shekara ɗaya", sai ga shi da jakarsa.

"Tsoho, ya aka yi ya dawo yanzu-yanzu?"

"Rubutun ne ya tsallake lokacin, amaryata."

"To ai kai ma ka iya rubutu. Rubuta ma Baba."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ɗauko gawayi, na rubuta a bangon zaure.

Tana kallon ƙofa barci ya kwashe ta. Na kasa goge rubutun. Da safe za ta tambaye ni.