Ɗana ya ce kar in zauna mishi kujerar koci

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma mai zagi ya riƙe abinai, na sha wanda ya ishe ni.

Ni mutumin Ƙaura ne, mahauci, ɗan dambe tun ina saurayi. Da aka yi jiha Shari'a ta zo, kalangu ya yi shiru, filin dambenmu ya watse. Ban ja da hukuncin Allah ba, amma hannuna ya rasa abin yi. Sai na bi wani ɗan bautar ƙasa da ke koyar da taikwando, wasan faɗa da ƙafa da hannu, a filin sakandare, har na samu baƙin bel na ƙwararru. Gaskiya ƙafata ba ta taɓa tashi yadda ake so ba, naushi na sani.

Shi na koya wa ɗana, yanzu shekararshi sha bakwai. Na ce mishi ƙafa ta masu rawa ce, namiji da hannu aka san shi.

Watan jiya muka tahi gasar taikwando Gusau, aka haɗa shi da wani siririn yaro daga Zurmi. Ga wanda bai sani ba, naushi a ƙirji maki ɗaya ne, shi ma sai ya tahi a miƙe alƙalai sun yarda sun danna makin. Ƙafa a ƙirji biyu, a kai ukku. Yaron nawa ya yi ta zuba mishi naushi irin namu, wanda ake kewayowa da shi daga baya. Har bakin ƙofa ana jin ƙarar rigar kariya, amma allon maki bai motsa ba. Ɗan Zurmi ya riƙa shafa mishi ƙafa a kai kamar mai korar ƙuda, ya cinye. Ina kujerar koci ina ihu ya ƙara hannu, shi kuma yana bin maganata.

Da muka iso gida ya durƙusa, ya ce Baba ka yi min aikin gafara, gasa ta gaba wani koci na Shinkafi zai zauna min, don naushinka ba ya cin maki. Na ce mishi naushin ga shi ya sa ake gaishe da ubanka a kasuwa. Ya ce ya sani, amma alƙalai ba su zuwa kasuwa. Uwarshi ta ce in bar yaro ya nemi sa'arshi.

Ya ce in ban yarda ba ba zai saɓa min ba, zai shiga da ni a kujera. Abin da ya fi ci min rai ke nan, don na san yadda za ta ƙare.

To jama'a, in tashi in ba baƙo kujerata, in koma cikin 'yan kallo ina ji ana hana ɗana abu ɗaya da na iya? Ko in zauna, in kalli an sake cinye shi saboda biyayya? Mi za ku yi in ku ne?