Ƙofar Ɗakin Inna

Yasir ƙanena,

Gaisuwa daga Jidda. Yaya Inna da mutanen Safana? Ni lafiya lau, bayana ne kawai ya ƙi miƙewa.

Na ji sau uku kafinta yana rage ƙofar Inna don ta ƙi rufuwa. Ƙofa ba ta tsawo, sakarai! Kankaren rufin ne ke saukowa, ƙarfen da ke ɗauke da shi yana lotsawa kowace shekara. Lokacin da na tsara ginin, na lissafa saukar za ta yi kaɗan, na yi kuskure. Amma ba ni na jibge buhunan gero a sama ba.

Ka sauke geron, ka fitar da Inna yau, Allah ya tsare mana ita. In ka fi yarda da kafintan, kai ka koma ɗakin.

Yayanka,
Salmanu