Ranar da Na'ura Ta Kashe Inna Hajara

Laraba da dare, Komah

Yau Inna Hajara ta zo ofishinmu na inshorar lafiya da ƙafarta, riƙe da katinta, wai an hana ta maganin hawan jini. Na duba na'ura, sai ta nuna mini ta rasu a Dapaong.

Ta ce, "To 'yar nan, wa ya yi mini wanka? Ko tuwon sadakar ban gani ba."

Na kasa dariya. Wata Hajara Musa ce ta rasu a can, ita ma ba takardar haihuwa, ita ma an rubuta mata ɗaya ga Janairu. Manhajar na'urar ta ga suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, ta haɗe su.

Na kira shugaban ofishin Dapaong, ya ce, "Hajiya, mu jira masana daga Lome." Jiran me? A taro sun cika mana kunne cewa wannan manhaja buɗaɗɗiya ce, ba ta wani kamfani ba, kowa na iya duba cikinta ya gyara. Amma duk arewacin ƙasar nan wa aka koya wa taɓa ta? Na faɗa masa haka, har da abin da ya fi haka zafi.

Akwai abin da ban faɗa masa ba. Ni na yi wa Inna rajista. Ta ce da ni lokacin haƙar doya aka haife ta, ni kuma ina sauri, na danna Janairu kamar kowa.

Ƙwaya biyu suka rage mata, ƙulle a bakin zaninta.